Tsuntsun da Ke Warin Garkenmu

Ni mutum ne da hancinsa ke riga idonsa isa wuri, kuma gado na yi. Babana, Malam Adam, kafin ya taya saniya a kasuwar shanu ta Gamboru sai ya sunkuya ya shinshina numfashinta, ya dubi kashinta ya sansana, sannan ya faɗi abin da ta ci da ciwon da mai ita ke ɓoyewa. Shi ya sa da na sauka a Manawus, babban birnin da ke tsakiyar dajin Amazon a ƙasar Barazil, abin da na fara ganewa shi ne garin ba ya warin komai da na sani. Ruɓaɓɓen ganye ne, da man jirgi, da kifi, da wani danshi mai manne wa mutum a wuya. Na tsaya a bakin kogi da jakunkuna biyu ina ta shaƙar iska, ban samu ko abu ɗaya da zan ce na gida ne ba.

Karatun tsuntsaye ya kai ni can, kuma shi ne ya raba ni da muryar Baba. Mu asalinmu makiyaya ne daga wajen tafki. A shekarun da daji ya ƙi zaunuwa aka kore mana garke kaf, muka shigo Maiduguri a ƙafa, muka samu wurin fakewa a unguwar Ajilari. Baba ya koma dillali, yana shafa bayan shanun wasu yana miƙa igiyarsu ga mai saye. Burinsa ɗaya ne, in zama likitan dabbobi mu tayar da garke ko daga karsana guda ce. Ni kuwa da na shiga jami'a sai tsuntsayen bakin ruwan Alau suka ɗauke mini hankali, na sauya fanni. Ranar da ya ji bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Wanda ya bar shanu ya bi tsuntsu, ba ni da maganar da zan yi da shi." Baba kuwa in ya ɗaure magana ba ya kwancewa. Tun daga ranar in na gaishe shi sai ya gyaɗa kai. A gida gyaɗa kai ma amsa ce, amma ba a jin ta a waya.

A nan bakin kogin na kira yayata, Ya Kaltum, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu.

"Jidda, wushe! Ka sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Ya Kaltum. Baba fa?"

"Ga shi nan a tabarma, yana jin ka."

Ni ma ina jin sa. Ina jin cokali yana kaɗawa a kofin shayi, ina jin tarin nan nasa mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Na yi gaisuwa har da durƙusawa a gaban mutanen da ba su san me nake yi ba. Cokali ya ci gaba da kaɗawa. Ya Kaltum ta yi ƙasa da murya ta ce, "Tarin ya ƙaru fa. Kasuwa ma ba kullum yake zuwa ba yanzu." Na ajiye waya da tsoro guda a raina, kada tsohon nan ya tafi bai sake kiran sunana ba.

Ina cikin wannan hali wani mutum ya yi mini sallama. Cikakkiyar sallama, har da wa barakatuhu. Baƙi ne kamata, da 'yar hula a ka, ya ce shi ma daga wajenmu yake, ya daɗe a garin, ya san jirgin da zan shiga. Wallahi da ya ce in ba shi wuyana ya riƙe mini da na ba shi. Ya ɗauki ƙaramar jakata ya yi gaba yana cewa in biyo shi, muka kutsa cikin masu dakon ayaba da buhunan garin rogo. Na kauce wa wani mai baro, na ɗago kai, babu mutum babu jaka. Na zage shi da Hausa, na ƙara da Kanuri, na rufe da Larabcinmu na gida, mutane suna kallona suna murmushi, suna zaton waƙa nake yi.

Ba wani abin duniya ba ne a jakar. Hulata ce ta zuwa Juma'a, da jallabiya, da kwalbar turaren wuta da Ya Kaltum ta haɗa mini da hannunta, ta ce in kewa ta dame ni in ɗora ɗan kaɗan a garwashi. Turaren nan ya fi ci mini rai. Har yau in na tuna cewa wani ɗan iska ya buɗe kwalbar nan ya shinshina ya yar, sai in ji zuciyata tana tafasa.

Jirgin ruwan hawa biyu ne, babu gado babu kujera. Kowa yana ɗaure wani yadi mai kauri tsakanin ƙarafa biyu ya kwanta a ciki yana lilo. Ni ban iya ɗaurin ba, na yi irin ƙullin da muke wa maruƙa, na hau na faɗo. Wata tsohuwa da ke gefena, Dona Irasi, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tashi ta ɗaure mini. Ba na jin yarenta sai tsinta-tsinta, ita kuwa ba ta jin nawa ko kaɗan, amma ta lura ba na taɓa naman da ake rabawa. Daga ranar kullum sai ta ɓare soyayyen kifinta biyu, ta zuba mini garin rogo a tafi. In na shimfiɗa tawul zan yi salla sai ta miƙe ƙafarta ta tare hanya, kada masu wucewa su bi ta gabana. Ban san wa ya gaya mata ana yin haka ba.

Kwanakin kogin nan ban iya rarrabe su ba. Ruwa ne faɗinsa ya fi ƙarfin ido, daji a dama, daji a hagu, kore shar ba ko tsaga. Da hantsi hazo yana tashi daga ruwan, bishiyoyi su zama kamar ba su da gindi. Lilon yana kaɗa ni, injin yana gurnani, sai in lumshe ido in gan ni ina yaro a bakin tafkinmu. Ga shanun Kuri masu ƙaho kamar tulu suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, hancinsu kawai a sama, Baba yana gaba a kwalekwale yana kiransu da sunayensu. Sai in buɗe ido in ga Dona Irasi tana tsefe gashinta. Ranar da za ta sauka a wani ƙauye mai gidaje a kan sanduna, ta dafa kaina ta yi wata doguwar magana. Na ce amin, don ta yi kama da addu'a.

Sansanin bincikenmu ɗakunan katako ne a bakin wani reshen kogi. Shugabarmu Farfesa Marta ce, gajeruwar mace mai furfura wadda ba ta san wasa ba a kan aiki. Sai Raimundu, mai tuƙa mana kwalekwale. Tun ranar farko ta nuna mini ƙyallayen ja da aka ɗaɗɗaura a bishiyoyi. Ta ce, "Jidda, duk inda ka daina ganin jan ƙyalle, ka daina tafiya. Dajin nan ba ya mayar da mutum."

Tsuntsun da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa shi ne wanda littattafai ke kira howatsin, mutanen wurin kuma suke ce masa sigana. Aikinmu a fanninmu shi ne a san dangin kowane tsuntsu, a ce wannan ɗan gidan kaza ne, wancan ɗan gidan kurciya ne, kamar yadda Baba ke duban saniya ya faɗi irin garken da ta fito. To shi wannan ya gagari kowa. Masanan farko sun ga girmansa da kamarsa suka sa shi a gidan kaji da zabi. Na bayansu suka ce a'a, ɗan'uwan tsuntsun nan ragon maza ne. Wasu suka kai shi wajen kulkulu na ƙasashenmu, wasu wajen kurciya. Da aka zo zamanin duba jini da ƙwayoyin halitta aka ce yanzu magana za ta ƙare, sai ga wannan awo ya jingina shi da su gauraka, wancan awo ya janye shi. A ƙarshe aka gaji aka ba shi gida shi kaɗai, ba wa ba ƙane. Duk na karanta wannan tun ina Maiduguri. Na ma karanta cewa yana da wari, na ɗauka irin warin mushe ake nufi, don takarda ba ta faɗi irin warin ba.

Ban kai ga ganinsa ba zazzaɓi ya kwantar da ni. Na sha magani, na ɗan farfaɗo, jiki ba ƙwari, kai kamar ba nawa ba. Wata safiya na ce zan iya, aka tura ni in duba ragar kama tsuntsaye da ke kusa da sansani. Ina tafe ina bin jan ƙyalle, raɓa tana ɗiga daga ganye, sai iska ta juyo.

Na tsaya cak. Warin garke ne. Ba na kasuwar shanu ba, inda kashi ya gauraya da ƙura da fitsari da hayaƙin tirela. Na garke ne da sassafe a damina, sabon kashin shanun da suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, mai ɗumi, mai ɗan tsami. Rabona da shi tun ranar da aka kore namu.

Na san abin da mai hankali zai ce, ina shanu za su fito a dajin da ko akuya ba ta da wurin taka ƙafa? Amma ni ɗan bakin tafki ne, na ga shanu sun yi iyo da idona. A raina na ce akwai ruga a bayan bishiyoyin nan. Akwai mutane masu sanda a kafaɗa, akwai wata mace tana tatsa, za ta miƙo mini ƙwarya ko da ba mu jin yaren juna. A wurinmu wanda ya ji warin garke ya tsira, don ba a korar baƙo daga ruga. Ƙafata ta bar hanya ba tare da ta yi shawara da ni ba.

Na ratsa ganyaye masu faɗin tabarma. Ƙasa ta fara laushi, ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, laka ta cinye mini takalmi ɗaya ban ko waiwaya ba. Warin yana ƙaruwa. Can sai na ji gurnani da huci, irin na saniyar da ke neman ɗanta. Ban san lokacin da na buɗe baki na yi kiran da Baba ya koya mini ba, na kira Hamra, jar karsanar da aka ba ni ina yaro. Na yi ta kira har na fito bakin wani tafki da kogi ya bari a baya, ruwansa baƙi, shiru, ba ko motsi.

Babu saniya ko ɗaya. A kan rassan da suka sunkuyo kan ruwan, wasu tsuntsaye ne zaune birjik, kowanne ya kai zabuwa. Fuskarsu shuɗiya, idonsu ja, tukkunsu a tsaitsaye kamar wanda ya tashi daga barci bai taje kai ba. Suna tsinkar ganye suna haɗiya a hankali. Waɗanda suka ƙoshi sun kwantar da ƙirji a kan reshe sun lumshe ido, ba ruwansu da duniya. Ɗaya ya yi yunƙurin tashi, ya yi fafur-fafur ya faɗa reshe na gaba da ƙyar. Na gane su, ga sigana, kuma daga jikinsu warin yake fitowa.

Na zauna a kan wani kututture na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Haushi nake ji, an yaudare ni karo na biyu a ƙasar nan, amma na kasa tashi. Rana ta hau, haske yana saukowa tsinke-tsinke ta cikin ganye, tsuntsayen suna gurnani ƙasa-ƙasa, ni kuma in na rufe ido ina tsakiyar garkenmu. Wata shirwa ta gifta, sai na ga ɗan tsako ya saki sheƙa ya faɗa ruwa tsundum, ya yi iyo, ya kama saiwa ya hau da wasu 'yan farata da ke jikin fukafukansa. Da na tuna da jan ƙyalle na waiwaya, ko'ina kore ne iri ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai. Ban san abin yi ba sai na ci gaba da kiran Hamra.

Wannan kiran nawa Raimundu ya biyo da kwalekwale, rana ta riga ta karkata. A sansani Farfesa Marta ta wanke ni tas, ta ce saura ƙiris ta mayar da ni birni. Sannan ta ce, "Me ya fitar da kai daga hanya?"

Na ce, "Warin shanu na ji."

Raimundu ya toshe hanci ya ce, "Sigana!" ya fashe da dariya. Ita ma ta dara, amma da ta dubi fuskata sai ta bari. Na ba ta labarin garkenmu da na Baba, abin da ban taɓa gaya wa kowa a ƙasar ba. Washegari da safe ta miƙo mini wayar sansani, wadda ba a taɓawa sai da larura, ta ce in kira gida.

A Maiduguri an yi azahar. Na ce wa Ya Kaltum ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Ya Kaltum, na ga wani tsuntsu mai warin garke. Ganye kawai yake ci. Yana da tumbi a ƙirji, ganyen yana tsima a ciki kamar a cikin saniya."

Cokali ya daina kaɗawa. Sai na ji muryar Baba, ta dushe amma ita ce. Ba da ni yake ba.

"Kaltum, tambaye shi, yana tuƙa irin ta shanu?"

Na ce, "Ba ya tuƙa da baki. Amma in ya ƙoshi yana kwanciya ya yi shiru har abincin ya narke."

"Kaltum, tambaye shi, ɗan wane gida ne a cikin tsuntsaye?"

Na zayyana masa duka, kaji da zabi, ragon maza, kulkulu, gauraka, da yadda aka rasa aka ware masa gida shi kaɗai. Na ƙara da cewa an tono ƙasusuwan danginsa na da can a Afirka, kuma 'ya'yansa suna iyo.

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Kaltum, gaya masa malamansa sun yi daidai. Saniyar da ta shigo garke ba a san mai ita ba, ba a sa mata alamar kowa, ba a sayar da ita, ba a kora ta. Ta sha ruwa da kanwa tare da namu har mai ita ya zo. Amma zancen wari ban yarda ba. Tsuntsu warin tsuntsu yake. In gaskiya ne ya kawo in ji."

Ya Kaltum ta ce, "Baba, ta yaya za a kawo wari daga wata duniya?"

"Shi ya sani," in ji shi.

Daga nan kullum da sassafe ina bakin tafkin, wannan karon a kwalekwale. Muna auna 'yan tsaki, muna ɗibar abin da ke tumbinsu don bincike, su kuwa suna yi mana kashi a jiki ba kunya. Na ware riga ɗaya ban taɓa wanke ta ba. Raimundu ya hana ni zama kusa da shi in na sa ta. Duk kiran da na yi gida, Baba yana aiko tambaya ta bakin Ya Kaltum, wane ganye suka fi so, suna yin ƙaura in ruwa ya ja? Sunana dai bai kama ba, tarin kuma yana ƙara zurfi. Da lokacin hutu ya zo na naɗe rigar a leda, na sa ledar a wata leda, ina addu'a kada ma'aikatan filin jirgi su ce in buɗe.

Na iso Ajilari da la'asar. Ƙamshin turaren Ya Kaltum ya tare ni tun daga zaure. Baba yana kan tabarmarsa a gindin dalbejiya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya gyaɗa kai. Na kwance leda na ajiye rigar a gabansa. Ya Kaltum ta ja da baya tana toshe hanci da gyale, tana cewa, "Wai Jidda, wannan ce tsarabar?"

Baba ya ɗauki rigar da hannu biyu. Ya shinshina sau ɗaya, gajere, irin na kasuwa. Sai ya tsaya. Ya kifa fuskarsa a ciki ya daɗe, na ga kafaɗunsa suna motsi.

Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Bai dubi Ya Kaltum ba, ni ya duba.

"Ɗanyen ganye suke ci, kuma lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Wa ke fita duba su da safe?"

"Ni ne, Baba."

"To ashe kiwo ka tafi, Jidda." Ya matsa gefe ya buga tabarmar da tafin hannu. "Zauna nan ka gaya mini, akwai ja a cikinsu?"